Yatsa na Shida

Alhamis, 14 ga Maris, ƙarfe biyar na yamma

Baffa ya kira ni ina tsakiyar duba takardun ɗalibai. Bai tambayi yara ba, bai tambayi mijina Peni ba. Cewa ya yi kada in zo ƙauye ranar Asabar, Gwaggo ba ta jin daɗi. Na ce to ai sai in zo in duba ta. Ya ce, "Vaoita, na ce kada ki zo," ya kashe wayar.

Shekara biyu ke nan ban yi fashin Asabar ba. Motar ƙarfe bakwai nake hawa a bakin kasuwar Apia, babban birninmu, in isa kafin tara, in zauna a ƙasa gaban Gwaggo Talaleu, yayar mahaifina, tana ba ni salsalar gidanmu da ka. Ba biro, ba waya, hannuwana a kan cinya. Salsalar iri biyu ce. Akwai ta baƙi, wadda Baffa ke jerowa a wajen jana'iza da naɗin sarauta, wane ya haifi wane, kowa ya iya ta. Akwai kuma ta ciki, mai faɗin abin da ya faru da kowannensu. Kakanni goma sha huɗu ne, daga ƙasa muka faro muna hawa, mun kai na tara. Shekarar Gwaggo tamanin da huɗu, kuma duk duniya ita kaɗai ke riƙe da sauran biyar ɗin.

Gwaggo ba ta ciwo. Mura ma ba ta isa ta kwantar da matar nan ba. Na san abin da ya faru, amma yau ba zan rubuta shi ba.

Juma'a, 15 ga Maris, ƙarfe shida na safe

Na canza sunayen. Na canza garin, har wani tsibiri na mai da shi. Wannan dai na yi.

Juma'a, ƙarfe ɗaya na rana, a ofis

To bari in rubuta, ko zan samu in ci abinci.

Tun farkon zangon nan kwamitin jami'a ke son rufe darasina na falsafar tarihi, wai ɗalibai tara kacal gare ni. A zaman da aka yi wani mai ƙaton tumbi ya tambaye ni, tarihi dai sun san shi, falsafa ma sun ji labarinta, to falsafar tarihi kuma wace dabba ce, kuma wanda ya karanta ta wane aiki zai yi? Aka yi dariya. Na yi ta maza na taya su, amma abin ya ɓata min rai. Farfesa Merrin, shugabar sashenmu, ta ce in yi lacca ta kowa da kowa, in nuna musu amfanin abin da idonsu.

Ranar Laraba shida ga wata na yi laccar. Na shirya takarda shafi goma sha biyu, cike da Turawan da suka mutu tun tuni. Minti ashirin da farawa na ɗaga kai na ga mai tumbin yana gyangyaɗi a layin gaba, bakinsa a buɗe. Zuciya ta ɗebe ni. Na ajiye takardar na ce bari in ba su wani labari.

Na ce a shekarar annoba, 1918, wani mai sarauta ya shiga wani gida ya tarar kowa ya mutu, sai jariri ɗaya yana kuka a jikin gawar uwarsa. A makon nan shi ma jaririnsa ya rasu. Ya binne nasa ba tare da kowa ya sani ba, ya ba wa tsintaccen sunan mamacin, ya miƙa wa matarsa. Yaron ya girma, ya yi wa gidan hidima, ya gāji sarautar, ya riƙe ta shekara arba'in. Sai na tambaye su: ɗan wa ne? Idan abu ya faru, amma gari guda ya rayu shekara ɗari a kan cewa bai faru ba, ya yi aure a kai, ya raba gona a kai, ya binne matattunsa a kai, wanne mai tarihi zai rubuta? Kuma wa ya ba shi izinin zaɓa?

Mai tumbin ya farka. Ni kuma daɗi ya kwashe ni, na ƙara abin da ba a tambaye ni ba. Na ce matar ba ta taɓa samun damar mantawa ba, domin duk wankan da za ta yi wa yaron sai ta ƙirga yatsu shida a ƙafarsa ta hagu.

Kakana bai taɓa sa takalmi ba har ya koma ga Mahaliccinsa. Duk wanda ya haura arba'in a ƙauyenmu ya ga ƙafar nan.

An ɗauki laccar a bidiyo. Da hannuna na sa hannu a sa ta a shafin jami'a, har ina tambayar mai ɗaukar ko muryata ta fita sosai.

Asabar, 16 ga Maris, ƙarfe tara na safe

Da yanzu ina zaune gaban Gwaggo.

Na share gida sau biyu. Na wanke labulen da na wanke makon jiya. Peni yana hutu daga aikin jirgin ruwa, yana zaune a baranda yana kankare gwaza yana bina da ido. Da na wuce karo na huɗu ya ce, "Dakta, ke da kike koya wa mutane yadda ake riƙe jiya, ashe bakinki ne bai da marfi." Na ce masa ya ji da gwazarsa. Ya ce gwazarsa dai ba ta hau bidiyo ba.

Daga baya ya kawo min shayin koko ya ajiye ya koma kan gwazarsa. Ya fi min ciwo a kan tsokanar.

Litinin, 18 ga Maris, ƙarfe huɗu na yamma

Yanzu na san ta inda abin ya bi.

Lanuola ta tsaya bayan darasi. Ita ce ɗalibata mafi ƙwazo, shugabar wata firamare ce, ta girme ni da shekara uku, amma kullum Malama take ce min. Na san mijinta ɗan yankinmu ne. Abin da ban taɓa tsayawa na lissafa ba shi ne surukinta, tsoho Aleki, jikan ƙanen mai sarautar nan ne na labarina. Ni da nake zaman salsala duk Asabar.

Ta ce ita da kanta ta kunna masa bidiyon, don ya ga irin malamar da ke koyar da ita. Yana kallo yana gyaɗa kai, har aka zo wajen yatsa. Ya ce ta mayar baya. Ta mayar. Ya ce ta sake. Washegari ya sa aka kai shi kotun ƙasa da sarauta ya shigar da ƙorafi, cewa sarautar da ke kan Baffa da filin da ke ƙarƙashinta su koma wa masu jini. Filin nan shi ne gidanmu. Kabarin mahaifina yana ƙofar ɗakin, inda yara ke shanya kaya a kansa.

Tana faɗa tana kuka, ni ina ba ta haƙuri, kamar ita ce ta yi laifin. Da za ta fita ta juyo ta ce, "Malama, gaskiya ne?"

Na ce mata ai mun yi wannan a mako na biyu, sai an fara tambayar me ake nufi da gaskiya. Ta dube ni kamar na zage ta. Ni ma da na ji abin da ya fito daga bakina sai da na ji kunya.

Talata, 19 ga Maris, ƙarfe bakwai na safe

Na kira Gwaggo. Matar Baffa ce ta ɗauka, ta ce tana barci. Gwaggo ba ta taɓa kaiwa ƙarfe biyar a kwance ba.

Laraba, 20 ga Maris, ƙarfe biyu na rana

Mutum arba'in da wani abu a ajina yau. Har da masu tsayuwa a taga. An kwaso kujeru daga ajin lissafi.

Farfesa Merrin ta tare ni a matakala fuskarta kamar an yi mata albishir. Wai kwamiti ya kalli bidiyon, wai abin da ake nema ke nan, ilimin da ke taɓa mutanen ƙasa. Na ja ta ofis na gaya mata komai. Mutuniyar kirki ce, shekara ashirin tana nan, ta iya zama a tabarma, ta iya gaisuwa. Ta sa aka cire bidiyon nan take, duk da cewa yanzu yana cikin wayar kowa. Sannan ta tambaye ni, a hankali, ko gwaggon tawa ta taɓa sa hannu a takardar amincewa.

Na yi dariya har hawaye suka zubo. Na hango Gwaggo da biro. Farfesa ta tsorata ta ba ni ruwa.

Na canza sunayen. A makarantar da na yi karatu a Auckland haka aka koya mana, in ka canza suna ka canza gari ka fita haƙƙin mutane. Babu wanda ya ce mana a ƙasar da kowa ya san ƙafar kakan kowa wannan ba ya aiki. Kuma bai kamata sai an gaya min ba.

Juma'a, 22 ga Maris, ƙarfe shida na yamma

Gwaggo ba ta kira ba.

Lahadi, 24 ga Maris, ƙarfe bakwai na yamma

Na je ba a gayyace ni ba. Asabar aka hana ni, ba a hana ni coci ba.

Gwaggo tana layinta na kullum, da farar hularta, tana rera waƙa da ƙarfinta. Lafiyarta ƙalau. Da aka tashi na durƙusa na gaishe ta, ta amsa, ta tambayi yara ɗaya bayan ɗaya da sunansu. Ba ta ɗaure fuska ba. Da ta ɗaure da ya fi min sauƙi.

Lokacin abincin Lahadi na ɗaura zani na nufi bayan gida wajen murhun duwatsu, inda nake taya zuba abinci tun ina 'yar shekara goma. Matar Baffa ta tare ni ta ce a'a, Dakta ta zauna a ciki. Aka shimfiɗa min tabarma kusa da ta fasto, aka kawo min kifi da gwaza da ganye a madarar kwakwa tun kafin a ba Baffa, wata 'yar ƙanwata tana min fifita. A gidan ubana. Na ci loma uku da ƙyar.

Bayan fasto ya tafi Baffa ya kira ni gindin bishiyar mangwaro. Ya rame. Ya ce kotu ta sa zaman sulhu ranar Talata tara ga Afrilu, kafin a kai ga shari'a, kuma tsoho Aleki ya nemi a kira ni. Babu takarda, babu shaida, bakina kaɗai suke da shi. Ya ce abin da zan faɗa ɗaya ne, cewa labarin ƙirƙirarsa na yi don koyarwa.

Na fara yi masa bayani cewa ko ɗan riƙo ne ai hidima tana ba da sarauta, kaka ya yi wa gidan nan bauta shekara da shekaru, za a iya tsayawa a kan gaskiya a yi nasara. Ya bar ni na gama tas. Sannan ya ce, "Ke 'yar nan, a wayar direban mota na ji labarin ubana. Shekarata saba'in da ɗaya."

Ban taɓa kawowa a raina cewa bai sani ba. Ashe daga matar mai sarautar sai surukarta, daga ita sai Gwaggo, sai ni. Mata huɗu a shekara ɗari, ta huɗun ta hau mumbari.

Ya ce, "Ban tambayi Yaya ba, ban tambaye ki ba, kuma ba zan tambaya ba. Ki je ki ce ƙirƙira ce."

Da zan tafi na leƙa wajen Gwaggo, tana saƙar tabarma. Na ce, "Gwaggo, me zan ce musu?" Ba ta ɗago ba. Ta ce ai ni ce mai digiri.

Talata, 26 ga Maris, ƙarfe biyar da rabi na safe

Shekara goma sha ɗaya ina tsayawa gaban aji ina cewa amfanin darasin nan shi ne ya hana mu yi wa matattu ƙarya don jin daɗin rayayyu. Na faɗe shi har ya zama kamar addu'ar cin abinci. Ina kuma cewa tarihi ba tulin abin da ya faru ba ne, sai wani ya zaɓa, ya jera, ya faɗa wa wani don wani dalili. Ashe maganganun nan biyu ba sa shiri, ni ce ban taɓa zaunar da su a tabarma ɗaya ba.

Idan na ce gaskiya ne, na tsaya a kan abin da nake koyarwa, na kuma tsayar da Baffa gaban alƙalai ana ƙirga yatsun ubansa. Wataƙila mu ci, wataƙila a raba filin, wataƙila wata rana in nemi izinin mutanen Aleki kafin in share kabarin babana. Idan na ce ƙirƙira ce, na ce Gwaggo ta yi shekara biyu tana ba ni tatsuniya.

Wanne ne zai sa ta ci gaba da ba ni sauran biyar ɗin? Kunya nake ji, amma tambayar da ke hana ni sukuni ke nan. Ba filin ba, ba Baffa ba. Biyar ɗin nan.

Laraba, 27 ga Maris, ƙarfe ɗaya na rana

Peni ya ce in faɗi gaskiya in huta. Yana da sauƙin faɗa, danginsa duk suna can tsibirin Savai'i kuma yatsunsu biyar-biyar ne. Na gaya masa haka, ya yi fushi, ya tafi aiki bai ci abinci ba.

Juma'a, 29 ga Maris, ƙarfe uku na rana

Juma'ar Gicciye. Fasto ya yi wa'azi a kan almajirin da ya musanta sanin ubangidansa sau uku. Ban ɗaga kai ba har aka tashi.

Asabar, 30 ga Maris, ƙarfe goma na safe

Asabar ta uku. Na rufe ɗaki na zauna a ƙasa na maimaita taran da nake da su, tun daga babana har sama, kamar yadda Gwaggo ta koya min, kada su zube. Ta shida ita ce matar da ta yi iyo daga kwale-kwalen da ya kife da ɗanta a baya, ta iso gaɓa ta tarar ba shi take goye ba, ɗan 'yar'uwarta ne. Na takwas shi ne wanda ya gudu daga yaƙi aka yi masa waƙar jarumta. A salsalar baƙi duk sunaye ne kawai, tsaf-tsaf kamar haƙoran roba.

Ranar da Gwaggo ta zaɓe ni ta ce ta ga ina da kunne. Ba ta ce komai a kan baki ba.

Talata, 2 ga Afrilu, ƙarfe huɗu na yamma

Lanuola ta zo ofis. Ta ce za ta raka surukinta zaman sulhun, ita ce mai riƙe masa magungunansa. Gidansu ma ba lafiya, mijinta ya daina yi mata magana, wai ta jawo musu faɗa da dangi. Tsohon kuwa ya ce shi ba filin ne ya dame shi ba. Tun yana yaro kakarsa ke ce masa an yi musu wani abu a shekarar annoba, ana ce mata ruɗewar tsufa ce, har ta mutu ana mata dariya. So yake a ce matar nan ba mahaukaciya ba ce.

Wannan ban so na ji shi ba. Na fi son Aleki a matsayin tsoho mai kwaɗayi.

Ta ce, "Malama, duk abin da kika faɗa ranar nan shi zan ɗauka. Ke ce kika sa na daina jin tsoron tambaya." Na ce ta gaida gida.

Alhamis, 4 ga Afrilu, ƙarfe biyu na rana

Na je ɗakin ajiyar takardun coci, na ce bincike nake yi. Na samu littafin shekarar. Baftisma ɗaya, suna ɗaya, a watan Satumba, kafin annobar. Daga Nuwamba shafukan babu komai, mai rubutun ma yana cikin waɗanda suka tafi. Babu jana'izar jariri, babu gidan da aka tarar kowa ya mutu.

Ke nan duk wani mai tarihi da zai zo bayana, da duk ƙa'idojin da nake koyarwa, zai tabbatar kaka ɗan gidan ne. Takarda tana bayan Baffa. Na zauna ina kallon farin shafin har mai gadin ya ce zai tafi cin abinci.

Lahadi, 7 ga Afrilu, ƙarfe shida na yamma

Na rubuta jawabi biyu, na yaga duka. Na ƙone shinkafa. Na yi wa ƙaramar 'yata tsawa a kan takalmi, ta yi kuka, na yi kuka.

Talata, 9 ga Afrilu, ƙarfe shida na safe

Yau ne. Na sa farar riga, na cire, na sa shuɗiya.

Talata, ƙarfe biyar na yamma

An gama.

Ɗaki ne ƙarami, da fanka mai ƙara. Mu a dama, su a hagu, mai sulhu a tsakiya. Ban san Gwaggo za ta zo ba. Tana can baya da jakarta a cinya, ba ta cikin masu magana.

Har aka kira sunana ban san abin da zan ce ba. Na miƙe, na ga wuyan Baffa daga baya, yadda rigar ta yi masa yawa. Sai na ji bakina yana cewa misali ne, na ƙirƙire shi a tsaye don mutane sun fara barci, malamai suna yin haka.

Tsoho Aleki ya ce, "To yatsan fa, 'yata?"

Na ce na ara ne daga ƙafar kakana don labarin ya yi armashi, kuma na yi kuskure, ina neman gafarar gidaje biyun.

Ya ce, "Wato abin da kuke koyarwa ke nan a jami'ar? Ku ɗauki ƙafar mamaci ku yi tatsuniya da ita?"

Na ce, "E, Baba."

Ya gyaɗa kai, ya ce ashe dai kakarsa ruɗewa ta yi. Ya ce a janye ƙorafin. Aka yi addu'a, aka yi musabaha, Baffa ya rungume shi, su biyun suna hawaye. Lanuola ta tattara magungunan a jaka, ta bi ta gabana kamar ta bi ta gaban ginshiƙi.

Na nemi Gwaggo a waje, an ce ta riga ta shiga mota.

Laraba, 10 ga Afrilu, ƙarfe ɗaya na rana

Kujerar Lanuola babu kowa. Darasin yau a kan amanar mai ba da shaida ne, haka yake a jadawali tun Fabrairu. Na ce su karanta da kansu, kaina na ciwo.

Alhamis, 11 ga Afrilu, ƙarfe uku na rana

Takarda daga kwamiti. An bar darasin, har za a mai da shi dole ga duk ɗaliban tarihi. Mai tumbin ne ya sa hannu. Farfesa Merrin ta kawo kek.

Juma'a, 12 ga Afrilu, ƙarfe shida na yamma

Baffa ya kira. Ya tambayi yara, ya tambayi Peni. Ya ce Yaya ta ce in zo gobe kamar kullum.

Kamar kullum. Na sa ya maimaita. Na kasa zama, na fita na sayo mata burodin da take so da gwangwanin nama. Peni ya ce rabon da ya ga haƙorana tun watan jiya. Ina jin tsoro, amma murnar ta fi yawa.

Asabar, 13 ga Afrilu, ƙarfe goma sha biyu na rana

Na isa tara saura. Gwaggo ta karɓi burodin ta yaba, ta sa aka kawo min shayin koko. Na zauna a ƙasa gabanta, na ɗora hannuwana a cinya.

Ta ce, "Ina muka tsaya?"

Na ce, "Na tara, Gwaggo."

Ta gyara zama, ta miƙe wuya, ta ɗaga murya yadda Baffa ke yi a wajen jana'iza. Wane ya auri wance 'yar gidan wane, suka haifi wane. Na goma, na sha ɗaya, har na sha huɗu. Matar Baffa tana shara a tsakar gida tana ji, kaji suna ji. Ko minti biyar ba a yi ba.

Ta ce, "To, kin sauke. Allah ya sa albarka."

Na jira. Ta jawo saƙarta.

Na ce, "Gwaggo, ta cikin fa?"

"Wace ta ciki? Ina zaune kika ce ƙirƙira ce."

Na ce don Baffa na yi, don gidan, don kabarin Baba. Na ce ta san dalilina.

Ta ce, "Na sani. Ranar farko ma kina da dalili. Kin fitar da shi don ki tsirar da aikinki, kin ƙaryata shi don ki tsirar da ƙanena. Ban ce ke muguwa ba ce, 'yar nan. Amma duk ranar da kika samu dalili mai kyau, sai kin yi wani abu da shi. Shi kuma riƙewa kawai ake yi."

Na durƙusa na kama ƙafarta. Na ce ta ba ni shekara, ta ba ni biyu, ta gwada ni. Ta bar ni na yi kukana, har tana shafa min kai. Da na lafa na tambaye ta wa za ta ba.

Ta ce, "Babu. Uwata ta ce in ban samu mai riƙewa ba in tafi da shi. Tashi ki wanke fuska, kada motar ƙarfe goma ta wuce ki."

Na samu motar. A hanya na yi ta maimaita sunaye biyar ɗin, daga ƙauye har kasuwa, ban ɓata ko ɗaya ba. Ban san wanda ya ji tsoro a cikinsu ba, ban san wadda ta yi kuka ba, kuma yanzu babu wanda zai sani.